Ganye ba ya yin ja a rana guda: dubi tsayin dutsen

Jama'a, ku dubi hoton nan da kyau. Dutse ɗaya ne, rana ɗaya aka ɗauka, amma samansa ja wur, gindinsa kore shar. Ba a taɓa hoton da kwamfuta ba.

Titin Blue Ridge Parkway ke nan a Amurka, mil 469 daga jihar Virginia zuwa North Carolina, cike da wuraren da direba ke fakawa ya hango kwari. Duk Oktoba tambaya ɗaya ce: yaushe ganyen zai cika launi?

Bari mu yi saurin wuce kimiyyar. Yini na gajarta, bishiya ta daina yin sinadarin kore, ruwan ɗorawar da ke ɓoye cikin ganyen ya fito fili. Jan kuwa sabo ne, daga sukarin ganye yake samuwa idan rana ta haska, dare ya yi sanyi amma bai kai ga ƙanƙara ba.

To a nan ake kuskure, ku natsu. Duk hawan mita 1,000, zafi kan ragu da wajen digiri 6. Saboda haka kaka, lokacin da ganye ke rinewa, daga sama take farawa. Graveyard Fields, wani wuri a gefen titin mai tsayin mita 1,500 da ɗoriya, kan rine tun farkon Oktoba. Birnin Asheville da ke ƙasa, wajen mita 650, sai ƙarshen wata ko farkon Nuwamba. Launin gangarowa yake yi mako bayan mako, kamar an tuntsurar da ruwan rini daga kan dutse.

Ga misalin wani iyali. Ƙarshen Oktoba suka hau can ƙololuwa, suka tarar da rassa tsirara, kamar kuka a tsakiyar hunturu. Alhali da sun leƙa ƙasa, ga kwarin nan yana ci kamar wuta.

Idan ka zo da wuri, hau sama. Idan ka makara, gangara, ko ka tsaya a sama ka zuba ido ƙasa.

Ni dai nafi son sanyin safiya, hazo na kwance cikin kwari, rana na fitowa ta bayan tsaunuka. Kuma in ka ji an yi hasashen ruwa da iska gobe, tashi ka tafi yau, don dare ɗaya ya isa ya kakkaɓe ganyen tas.