Yadda Za Ka Sa Tuta Ta Riƙa Kaɗawa a Bidiyo Ba Tare da Ka Ɓata Kalmar Shahada Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda da Madina, da duk inda kuke kallonmu. Satumba na kamawa, saƙonni sai su yi ta shigowa: Malam, a yi mana tuta mai kaɗawa. Ranar ƙasa ta Saudiyya 23 ga Satumba, ta Najeriya kuma 1 ga Oktoba, kwana takwas ne tsakani, kuma yawancinmu duka biyun muke yi. To yau ku zo mu buɗe After Effects, manhajar haɗa bidiyo, a kwamfuta, kowa ya koyi yin tasa.

Aikin duk na leya ne, wato hotuna da ake jerawa wani bisa wani kamar an shimfiɗa zannuwa. A ƙasa ka sa hoton tutar a miƙe. A samansa ka ɗora hoton farin yadi mai lanƙwasa, ka mai da shi baƙi da fari. Ni farar shadda na baza a kan gado kusa da taga na ɗauka da waya, kuma ta fi waɗanda ake saukewa daga intanet.

Yanzu yadin ya rufe tutar ruf. Je ka wajen da ake zaɓar yadda leya ke gauraya da ta ƙasanta, ka danna Multiply. Ka ga abin da ya faru? Kwamfuta tana ɗaukar fari a matsayin 1, baƙi kuma 0, sai ta ninka launin tutar da su. Inda yadin yake fari, kore na nan yadda yake. Inda akwai inuwa, koren ya yi duhu. Sai ka kwafi yadin, ka sa wa kwafin Screen. Shi akasin haka yake, baƙi ke ɓacewa haske ya saura. Rage masa ƙarfi sosai, in ba haka ba tutar ta koma kamar ledar shago. Haka ma Multiply ɗin, in ya yi yawa farin rubutun sai ya yi dauɗa kamar bai taɓa ganin wanki ba.

Haɗa su ukun a dunƙule guda, ka sa musu Wave Warp, shi ne iskar.

A nan fa nake so ku nutsu. Tutar Najeriya kore, fari, kore ce, ko ta ina ka juya ta daidai take. Ta Saudiyya kuwa tana ɗauke da La ilaha illallah Muhammadur Rasulullah, da takobi a ƙasa, tsininsa na kallon hagu. Shi ya sa ta gaskiyar ake yin ta yadda rubutun zai karantu daidai ta fuska biyun, kuma ba a sauke ta rabin sanda ko da rasuwa aka yi. Wata shekara na juya hoton don sandar ta dawo hagu, ban ankara ba sai da baffana ya leƙo ya ce, "Kai yaro, karanta mini abin da ke nan." Rubutu ya koma baibai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Don haka bar hoton yadda yake, ka kafa sandar a dama, wajen mariƙin takobi. A cikin Pinning na Wave Warp, wato wajen zaɓar gefen da za a kafe, zaɓi gefen dama, domin bakin da ke ɗaure kada ya motsa. Alkiblar igiyar kaɗawar ka kai ta digiri 270, iska ta taso daga sanda ta nufi hagu. Ka faɗaɗa igiyar, ka rage mata tsayi, ka yi ta ragewa har kowane harafi ya karantu ko ina ka tsayar da bidiyon. Gudun kuma in ka bar shi a 1, zagaye ɗaya yake yi a daƙiƙa, sai ƙarshen bidiyon ya haɗu da farkonsa ba tsalle.

Masu shaguna, a kula: Ma'aikatar Kasuwanci ta Saudiyya ta hana sa tutar nan a tallar kaya, saboda haka kada ku liƙa mata farashin turare ko dabino. Saura ku ɗora sararin sama a baya, ku fitar da daƙiƙa 10, ku tura wa 'yan uwa na gida.