Amsoshin Tambayoyinku: Stalin, KGB da Ƙagaggun Labaran Leƙen Asiri

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Tun ranar da muka taɓo zancen ƙagaggun labaran siyasa da leƙen asiri da ake rubutawa kan ƙasar Rasha, saƙonninku ba su daina shigowa ba. Yau su za mu bi, gwargwadon abin da lokaci ya ba mu. Tare da ni akwai malamin tarihi a jami'a, wanda ya yi karatunsa a Mosko a ƙarshen zamanin Tarayyar Sobiyet. Dakta, barka da zuwa.

Dakta: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu sauraro.

Mai gabatarwa: Wani ɗan'uwa daga Tawa a Jamhuriyar Nijar yana tambaya, shin hukumar KGB, ta tsaro da leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, tana nan har yanzu? Dakta, a taƙaice don Allah.

Dakta: An rushe ta a 1991. Aikinta na cikin gida yanzu yana hannun FSB, na ƙetare kuma yana hannun SVR. Amma FSB tana zaune a Lubyanka, wato dandalin da KGB ta zauna a Mosko. A Belarus ne kawai ba su ko sauya sunan ba.

Mai gabatarwa: Madalla. Sai wata Hajiya daga Kumasi, ta ce ta lura yawancin masu rubuta irin waɗannan littattafai 'yan Ingila ne da Amurka. Su 'yan Rasha ba su da nasu ne?

Dakta: Suna da su mana, Hajiya, sai dai nasu ɗan leƙen asirin shi ne gwarzo. Akwai marubuci Yulian Semyonov, wanda ya ƙago wani jarumi mai suna Shtirlits, ɗan leƙen asirin Sobiyet da ya saje cikin manyan jami'an Hitler. An mai da labarin shirin talabijin a 1973. Lokacin da na je ana ta maimaita shi. A ɗakin kwanan ɗalibai talabijin ɗaya gare mu, idan aka fara shirin nan ko mai gadin ƙofa sai ta baro kujerarta ta zo ta tsaya a bayanmu. Kuma a wannan shirin ne da yawanmu muka gyara Rashancinmu, don mutumin a hankali yake magana, ga sanyi a waje ba inda za ka je...

Mai gabatarwa: Dakta, Hajiya fa marubuta ta tambaya, kai kuma ka kai mu ɗakin kwanan ɗalibai.

Dakta: To, ai shi ne. Su Turawan Yamma tun zamanin yaƙin cacar baka suka saba sayar da labarin Mosko a matsayin gidan abokan gaba, kasuwar ba ta mutu ba.

Mai gabatarwa: Yanzu ga wadda ta fi yawa. Daga Kano, Damagaram, Garwa, har da Njamena, an aiko mana da ita ta fuskoki daban-daban. Wani malamin sakandare daga Gombe shi ya fi tsara ta. Ya ce ya karanta littafin Archangel na Robert Harris, inda aka ce Stalin, tsohon shugaban Tarayyar Sobiyet, ya bar wani littafin sirri, kuma yana da ɗa da aka ɓoye a dajin arewacin Rasha don ya zo ya gaje shi. Tambayarsa kashi biyu ce. Na farko, gaskiya ne? Na biyu, idan har Stalin ya kashe mutane haka, me ya sa har gobe ake samun masu ƙaunarsa a Rasha? Bari in maimaita don waɗanda suka kama mu yanzu: shin labarin ɗan Stalin da aka ɓoye gaskiya ne, kuma me ya sa wasu 'yan Rasha ke kewar mutumin?

Dakta: Littafin ya fito a 1998, kuma batun ɗan da aka raina a daji don ya karɓi mulki ƙage ne, marubucin ne ya ƙirƙira. 'Ya'yan Stalin na aure uku ne. Yakov ya mutu a sansanin Jamusawa a 1943, Vasily ya mutu a 1962, Svetlana ta gudu Amurka a 1967, can ta rasu a 2011. Amma daren da labarin ya ɗora ginshiƙinsa a kai ya faru da gaske. A farkon watan Maris na 1953 bugun jini ya kama Stalin a gidansa na Kuntsevo, bayan garin Mosko. Ya yi sa'o'i a ƙasa, masu gadinsa suna tsoron shiga ɗakin ba tare da ya kira su ba. Manyan likitocin fadar kuwa da dama suna tsare, shi da kansa ya sa aka kama su bisa zargin makirci. Ya mutu ranar 5 ga wata. Beria, shugaban 'yan sandan ciki, kafin shekarar ta ƙare abokan mulkinsa sun kama shi sun harbe. Ka ga marubuci ba ya buƙatar ƙari mai yawa.

Mai gabatarwa: Wato rabin labarin tarihi ne, rabi ƙage. Sai kashi na biyu.

Dakta: Wannan shi ne mai nauyi. Tsakanin 1937 da 1938 kaɗai, takardun hukumar NKVD da kanta, wato 'yan sandan ciki na lokacin, sun nuna an harbe mutum kusan 680,000. Waɗanda suka ratsa sansanonin gwale-gwale na Gulag daga 1930 zuwa 1953 sun kai kimanin miliyan 18. Idan aka harbe mutum, sau da yawa sai a ce wa matarsa an yanke masa shekara goma ba tare da izinin wasiƙa ba. Sai ta zauna tana ƙirga shekaru, tana ajiye masa rigar sanyinsa, alhali tun makon da aka ɗauke shi yana cikin rami. Bayan shekaru kuma a ba ta takardar ƙarya cewa ciwo ne ya kashe shi lokacin yaƙi.

Mai gabatarwa: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta: To da Sobiyet ta rushe a 1991, ba a gurfanar da masu wannan aiki ba. A Jamus ta Gabas, daga 1992 kowa na iya neman fayil ɗinsa na 'yan sandan Stasi ya karanta, ya ga wane maƙwabci ne ya riƙa kai rahotonsa. A Rasha an buɗe ƙofar ma'ajiyar takardu kaɗan, daga baya aka riƙa mai da ita. Wata 'yar majalisa, Galina Starovoitova, ta kawo ƙudurin hana tsofaffin jami'an KGB da na jam'iyyar kwaminis riƙe manyan muƙamai, bai samu shiga ba, ita kuma aka harbe ta a ƙofar gidanta a 1998. Abin ya zama kamar gidan da aka yi rasuwa aka ƙi raba gado, kowa ya san akwai magana amma ba mai ɗaga ta. Jikan wanda aka kashe da jikan wanda ya yi harbin suna hawa mota ɗaya zuwa aiki. Duk wani littafi na irin waɗannan da za ka ɗauka, daga nan yake shan ruwa: akwai fayil a wani wuri, akwai wanda ba ya so a buɗe.

Mai gabatarwa: Amma Dakta, har yanzu ba ka faɗa wa malaminmu na Gombe dalilin ƙaunar ba.

Dakta: Ina zuwa. Na farko yaƙi. Sobiyet ta rasa mutum kusan miliyan 27 a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Stalin ne ke kan mulki aka ci nasara. Ba gidan da bai yi rashi ba. Na biyu wahalar shekarun 1990. A 1992 kaɗai farashin kaya ya ninka fiye da sau ashirin, tsoho ya wayi gari ajiyarsa ta tsawon rai ba ta sayen takalmi, yana kallon wasu tsiraru sun kwashe kamfanonin mai da na ƙarfe. Irin wannan mutum idan ya ce yana son Stalin, yawanci abin da yake nufi shi ne a zo a hukunta ɓarayi. A 2019 cibiyar Levada ta ji ra'ayin jama'a, kashi 70 cikin ɗari suka ce rawar da Stalin ya taka a tarihin ƙasar mai kyau ce.

Mai gabatarwa: Bari in tattara wa masu sauraro. Ɗan da aka ɓoye ƙage ne. Kashe-kashen gaskiya ne, kuma ba a yi shari'arsu ba. Ƙaunar kuma ta samo asali daga nasarar yaƙi da kuma talaucin da ya biyo bayan rushewar Sobiyet. Ni dai a nawa ra'ayin, wanda ke kewar mai bulala yana ɗauka bulalar ba za ta sauka a bayansa ba ne. Mutanen 1937 ma da yawansu haka suka ɗauka.

Sai wani matashi daga Zariya, wanda ya cika mana shafi uku. Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira, amma a riƙa tausaya wa idanunmu. Ya ce duk wannan farfagandar Turawa ce don a ɓata sunan Rasha. To a nan zan ɗan ja kunnenka. Alƙaluman da Dakta ya kawo daga takardun gwamnatin Sobiyet suka fito. Khrushchev, shugaban jam'iyyar kwaminis, shi ya fara tona asirin Stalin a 1956. Shugaba Putin da kansa ya buɗe Bangon Baƙin Ciki a Mosko a 2017 don tunawa da waɗanda aka zalunta. Kafin ka ce ƙarya ne, a bincika tukuna.

Dakta: Amma yaron yana da gaskiya ta wani gefe, Malam. Da yawan littattafan nan ɗan Rasha a cikinsu ko mashayi ne ko ɗan daba ko maci amana, sai Bature ya zo daga Landan ya gano gaskiya. Alhali waɗanda suka yi aikin tono na haƙiƙa 'yan ƙasar ne. Ƙungiyar Memorial ta yi sama da shekara talatin tana tattara sunayen waɗanda aka kashe. A da, duk ranar 29 ga Oktoba mutane kan yi layi a gaban Lubyanka cikin sanyi, kowa ya karanta suna, da shekaru, da sana'a, da ranar harbi. Kotun ƙoli ta ba da umarnin rufe ƙungiyar a Disambar 2021, a 2022 kuma ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Yuri Dmitriev, wanda ya taimaka aka gano kaburburan bai-ɗaya na Sandarmokh a arewacin Rasha a 1997, an ɗaure shi shekara 15 kan tuhumar da magoya bayansa suka ce ƙulla masa aka yi. Akwai kuma Denis Karagodin na birnin Tomsk, wanda ya bi takardu ɗaya bayan ɗaya har ya fito da sunayen waɗanda suka sa hannu a kisan kakan mahaifinsa a 1938, tun daga masu ba da umarni har direban mota. Jikar ɗaya daga cikin masu harbin ta gani, ta rubuto masa tana neman gafara, shi kuma ya amsa mata da sulhu.

Mai gabatarwa: Allahu akbar. Ga wata gajeruwa daga Maraɗi: gaskiya ne an hana nuna wasu finafinai irin waɗannan a Rasha?

Dakta: Gaskiya ne. An janye Child 44 daga gidajen sinima a 2015, aka kuma soke izinin The Death of Stalin a farkon 2018.

Mai gabatarwa: Wata ɗaliba daga Sakkwato na son sanin ko Shugaba Putin ya taɓa aiki a KGB. E, ya yi, har ya zauna a Dresden ta Jamus ta Gabas daga 1985 zuwa 1990, ya kuma shugabanci FSB a 1998. Injiniya yana ɗaga mini hannu, lokaci ya ƙure. Baba daga Agadas da ya tambayi yadda ɗaliban Afirka suka rayu a Mosko a wancan zamani, ka yi haƙuri, da taka za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma na ga Dakta har ya gyara zama. Dakta, mun gode.

Dakta: Ni ma na gode.

Mai gabatarwa: A ci gaba da aiko da tambayoyi, a taƙaita su, a kuma rubuta sunan gari. Mu kwana lafiya.