Sharhi: Bindiga Ta Yi Tsada, Amma Wa Ta Gagara?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Ranar Lahadin da ta gabata na halarci taron wata ƙungiya ta 'yan gari ɗaya a Agege, irin taron nan da 'yan uwanmu mazauna Ikko suke yi a ƙarshen wata, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa a aika gida. Da can kuɗin na gyaran masallaci ne, ko rijiyar burtsatse, ko maganin wani mara lafiya. Wannan karon saƙon da ya zo daga gida daban ne. 'Yan sintirin garin ne ke neman agaji: bindigoginsu na toka sun tsufa, albarushi ya yi tashin gwauron zabi, maƙeri kuma ya rantse ba zai taɓa ƙarfe a kan tsohon farashi ba. Aka buga lissafi, aka sake bugawa, abin da aka tara bai kai ko'ina ba. Wani dattijo, tsohon maharbi wanda gadi ya riƙe a Legas tun yana da baƙin gashi, ya girgiza kai ya ce a ƙuruciyarsa mutum kan kai rago kasuwa ya dawo da bindiga a kafaɗa, har da canjin albarushi a aljihu. Sai wani matashi, idonsa a kan waya, ya ce masa: “Baba, ai gara ta yi tsada. In ta yi tsada sai ta gagari ɓarayi.”

Wannan magana ita ce ta hana ni barci, domin ba a bakin yaron nan na fara jin ta ba. Na ji ta a bakin masu digiri, na ji ta a teburin mai shayi a Idi-Araba, har a bakin waɗanda ya kamata a ce sun fi kowa sanin abin da ake ciki. Wai tsada za ta yi mana maganin abin da soja da ɗan sanda suka kasa. To, ni dai tambayata ɗaya ce, kuma za ku ji ta har ku gaji: bindigar ta yi tsada, amma wa ta gagara?

Mu fara da abin da dattijon nan ya faɗa, don gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ta ba. Ƙarfen bindigar bai zama zinariya ba. Kuɗin da ke hannunmu ne ya zube. A watan Janairun 1973 da aka kawo naira ta maye gurbin fam, naira biyu ce fam ɗaya. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ƙarfi, kwabo hamsin da 'yan kai ya ishe ka sayen dala guda. A 1981, zamanin Alhaji Shehu Shagari, aka yanka mafi ƙarancin albashi naira 125, wanda a canjin lokacin ya kai kimanin dala 200. Sai 1986 ta zo da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, wato SAP, aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, ita kuwa tun daga ranar gangara take yi. A 2015 dala tana wajen naira 200 a farashin gwamnati. A 2023 aka janye tallafin man fetur, aka sake sakin naira, kafin a ankara a 2024 dala ta haura naira 1,500. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari.

Yanzu ku ɗauki alƙalami mu yi lissafin 'yan firamare. Mu ƙaddara akwai bindigar farauta mai baki biyu da ake sayarwa dala 300 a ƙasar da aka ƙera ta. A 1981 wannan bai kai naira 200 ba, wato albashin wata ɗaya da rabi na ƙaramin ma'aikaci. A canjin naira 1,500 kuwa, naira 450,000 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan sai masinja ya yi sama da wata shida bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, bai hau danfo ba, kafin ya haɗa kuɗin. Kuma fa na yi wa lissafin sassauci, domin ita ma dalar ta yi rauni a gidanta, abin da ake sayarwa dala 300 a wancan zamani yau ya ninninka. Ban sa kuɗin fito ba, ban sa ribar dillali ba, ban sa harsashi ba, wanda shi ma da dala ake shigo da shi.

Wani zai ce ai ta gargajiya ake magana, wadda ake ƙerawa a gida. To maƙerin fa a wace ƙasa yake cefane? Bututun ƙarfen da yake aiki da shi ya tashi, gawayi ya tashi, kuɗin motar da za ta kawo masa kaya ya tashi, kwanon masarar da zai kai wa iyali ya tashi. In ya sayar a tsohon farashi, iyalinsa su ci me?

Duk wannan a kan wa ya faɗa? A kan maharbin da ke tsare gonar gero daga birai da gwanki. A kan ɗan sintirin da ke kwana a bakin gari da harba-ka-ruga, wadda in ya ɗana sau ɗaya sai ya tsaya ya sake ɗura albarushi. A kan mai gadi, a kan ɗan dako a kasuwar Mile 12, a kan mai sayar da raguna a Alaba Rago, waɗanda ake bugo wa waya daga gida a ce su kawo gudunmawa. Waɗannan su ne masu samun kuɗi da naira, da gumi, kwabo bisa kwabo. Su tsada ta kama.

Shi kuwa ɗan bindigar da ke dajin Rugu ko dajin Kamuku, albashi yake jira? Yana da maigidan da zai ce masa a yi haƙuri sai wata ya ƙare? In dillalin makamai ya ƙara masa farashi yau, gobe ya ƙara wa garinku kuɗin fansa. In harsashi ya hau, ya ɗora wa manoma harajin noma da na girbi, ko ya kora garken wani bawan Allah. Shi ma yana da hauhawar farashinsa, kuma mu ne muke biya. Mutanen da ke zaune a taron nan na Agege sun san haka fiye da ni, don da yawansu sun taɓa yin karo-karo na fansar ɗan uwa, kuma sun ga yadda abin da ake nema ke ƙaruwa shekara bayan shekara, har da babur da katin waya a kai. Ke nan talaka sau biyu yake biyan tsadar bindiga. Ya kasa sayen tasa, sannan a tilasta masa ya biya kuɗin ta wanda zai harbe shi. Wannan ce tsadar da ake cewa mu gode mata?

Kuma kada wani ya ce mana kayan sun yi wuyar shigowa saboda dala. Mu da ke Legas a gaban idonmu ake yi. A watan Janairun 2017 jami'an kwastan suka tare kwantena ɗauke da bindigogi 661 bayan ta riga ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. A watan Mayu aka kama 440 a tashar jiragen ruwa ta Tin Can. A watan Satumba aka kama 1,100, bayan 'yan kwanaki aka ƙara kama 470. Bindigogi 2,671 ke nan a shekara guda, a gari guda, kuma a lokacin ƙasa tana fama da matsin tattalin arziki da ƙarancin dala. A 2024, dala tana kan ganiyar tsadarta, aka kama wasu 844 da harsasai sama da dubu ɗari a tashar Onne ta Jihar Ribas. Waɗanda aka kama ke nan. Mai shigo da shinkafa ya yi kuka ya rage oda, mai shigo da magani ya rufe shago, amma mai shigo da bindiga bai fasa ba. Ruwa ba ya tsami banza. In yana kawowa, to akwai mai saye, kuma mai sayen nan ba ɗan sintirin ƙauyenku ba ne.

Ga kuma wadda ba a ma biya mata kuɗin jirgi. Tun bayan kifar da gwamnatin Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka bazu a yankin Sahel. A cikin gida kuwa, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya nuna akwai bindigogi ƙirar AK-47 sama da 88,000 na rundunar 'yan sanda da aka kasa bayanin inda suke. Da kuɗin harajinmu aka saye su. Ina suka shiga? Wa dala ta hana ya ɗauke su?

Sai mu zo kan shugabanni, don nan ne abin ya fi ƙona mini rai. A 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya yi kira ga jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta ce mutane su nemi lasisin riƙe bindiga, har da batun raba takardun neman izini a masarautu. Ba na zargin niyyarsu, wanda yake zuwa jana'iza kullum zai iya faɗin fiye da haka. Amma da wane kuɗi? Manomin da aka hana shi zuwa gona shekara uku, da wane kuɗi? Wanda ya sayar da shanun huɗa ya fanso matarsa, da wane kuɗi? Kuma ko ya samu, doka na nan tana jiransa. Dokar makamai ta 1959 ta ce manyan bindigogi irin na soja sai da izinin Shugaban Ƙasa, na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta toka ma sai da izinin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta ce ta dakatar da bayar da lasisin. Wato gwamna ya ce ka saya, kasuwa ta ce ba ka isa ba, ɗan sanda ya ce in na gan ka da ita ka shiga uku. Shi kuwa na daji bai taɓa cike fom ba.

Kada a juya mini magana. Ban ce a karya farashin bindiga a zuba ta a kasuwa kamar tumatir ba. Ina ma shakkar ko hakan zai haifar mana ɗa mai ido, don mun ga abin da wasu 'yan sa-kai suka aikata da sunan ramuwa a Zamfara da maƙwabtanta, da yadda hakan ya ƙara rura wutar. Mu kuma mazauna Legas mun san yadda ƙaramar hatsaniya a kasuwa take zama faɗan ƙabilanci cikin awa guda, kamar yadda aka gani a Mile 12 a 2016. A ƙara wa irin wannan bindiga a kowane shago? Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne a daina yaudarar kai cewa tsada tana tsare mu. Kuma a daina turo wa talaka aikin da ya riga ya biya a yi masa.

Abin ma da ban takaici in ka tuna tarihi. A nan Legas ne a 1863 Baturen mulki John Glover ya tara Hausawa ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, wadda daga cikinta sojan ƙasar nan ya samo tushe. Unguwar Obalende ma da tsofaffin sojojin nan aka san ta. Kakanninmu hukuma ce ta ba su bindiga, ta ba su kaki, ta ba su albashi, don su tsare gari. Yau jikokinsu ne ke zaune a kan tabarma a Agege suna haɗa dubu biyu-biyu don a saya wa ƙauye albarushi. Muna da masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna tun 1964, muna ware wa tsaro maƙudan kuɗi a kasafin kowace shekara, gwamnoni na karɓar kuɗin tsaro da ba a bin ba'asinsu, amma mai gadi ne zai ciro daga albashinsa.

Saboda haka ga masu iko nake magana. Ku toshe Apapa da Tin Can da Onne, a kuma nuna mana fuskokin masu odar kwantenonin, ba direba da yaron mota ba. Ku ƙirga abin da ke rumbunan makamanku, wanda ya ɓatar ya yi bayani a gaban alƙali. Ku kai jami'ai garuruwan da suka shekara ba su ga kakin gwamnati ba. In kun ga dole sai an yi aiki da 'yan sintiri, to ku ɗauke su, ku horar da su, ku ba su kayan aiki da kuɗin gwamnati, ku kuma sa musu ido. Ba aikin ɗan acaba ba ne ya sayi makamin tsaron ƙasa.

Shi kuwa yaron nan mai waya, ban yi masa faɗa ba. Na tambaye shi kawai nawa aka nema lokacin da aka ɗauki ƙanin mahaifinsa bara, kuma nawa aka nema a kan wanda aka ɗauka shekara biyu kafin nan. Ya yi shiru. A ƙarshe kuɗin da aka tara ranar, da aka ga ba za su sayi abin da aka nema ba, sai aka yanke shawarar a saya wa 'yan sintirin tocila da batir da takalman roba, ragowar kuma a ajiye a asusu saboda ranar da za a sake bugo waya daga daji.