Bill Campbell, Gwanin Golf Ɗin Da Ya Ƙi Mayar Da Wasa Sana'a

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau kan wani ɗan wasan golf ne na Amurka, William Campbell, wanda aka fi sani da Bill Campbell. An haife shi a garin Huntington na jihar West Virginia a 1923, ya rasu a watan Agustan 2013 yana da shekara 90. Ya shafe rayuwarsa yana gogayya da zaratan 'yan wasa, amma bai taɓa shiga sahun masu buga golf don kuɗi ba. Abincinsa a harkar inshora yake nema.

A golf akwai rukuni biyu. Akwai ƙwararru da wasan ya zame musu sana'a, akwai kuma 'yan sha'awa, waɗanda a zamanin Campbell doka ta hana su karɓar kyautar kuɗi. Kada a ɗauka rashin iyawa ne ya ajiye shi a rukuni na biyu. Tun yana matashi ya shaƙu da Sam Snead, ɗaya daga cikin manyan ƙwararrun ƙarnin da ya wuce, kuma ya buga Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, sau da dama a gefen su Snead ɗin. Ƙofa a buɗe take, shi ne ya ƙi shiga. Ya yi aikin soja a Turai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kammala Jami'ar Princeton a 1947, ya koma garinsu ya kama aiki, har ya ɗan taɓa zama ɗan majalisar dokokin jiharsu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne haƙuri. Babbar gasar 'yan sha'awa ta Amurka, wato US Amateur, sau 37 ya shiga ta. Ya shafe fiye da shekara ashirin yana zuwa yana komawa gida hannu rabbana. A 1954 ya kai wasan ƙarshe na takwararta ta Birtaniya a filin Muirfield, Doug Bachli na Ostireliya ya doke shi. Sai a 1964, yana da shekara 41, lokacin da ake ganin zamaninsa ya wuce, ya ɗauki kofin Amurka a filin Canterbury da ke kusa da Cleveland. Wa ya kayar? Ed Tutwiler, tsohon abokin hamayyarsa tun daga gasar jiharsu, kuma da tazarar rami ɗaya tal. Mai haƙuri, in ji magabata, shi ke dafa dutse.

A gasar Walker Cup, inda 'yan sha'awar Amurka ke karawa da na Birtaniya da Ailan, sau takwas yana cikin tawaga tsakanin 1951 da 1975, kuma ba a taɓa kayar da shi ba a karawar mutum da mutum. Ku lura da tazarar: ya fara yana da shekara 28, ya yi ta ƙarshe yana da 52.

Daga nan sai babin dattijantaka, wanda a ganina shi ya fi nuna ko wane ne mutumin. Hukumar golf ta Amurka, USGA, tana da gasa ta musamman ga 'yan sha'awa masu shekara 55 zuwa sama, wadda aka fara a 1955. Campbell ya lashe ta a 1979, ya sake lashewa a 1980. A wannan shekarar ta 1980 ce aka ƙaddamar da gasar US Senior Open a filin Winged Foot, inda dattawan ƙwararru da 'yan sha'awa ke haɗuwa wuri guda. Roberto De Vicenzo na Ajantina ne ya yi na ɗaya. Na biyu kuwa? Wani mai sayar da inshora ɗan shekara 57, wanda ya bar tsofaffin ƙwararru a baya, sannan ya bar musu kuɗin kyautar su raba, don shi doka ba ta ba shi damar taɓawa ba.

Bai tsaya ga buga wasa ba. Ya shugabanci USGA a 1982 da 1983, sannan a 1987 aka naɗa shi kyaftin na ƙungiyar Royal and Ancient ta St Andrews a Scotland. A lokacin, waɗannan biyun su ne ke tsara dokokin golf na duniya, kuma shi ne mutum na farko da ya jagoranci dukansu. A 1990 aka sanya sunansa a zauren girmama gwarazan golf na duniya.

To, me ya bari? A nan ne nake ɗan jan numfashi. Irin Campbell, magidanci mai sana'arsa da ke fitowa daga ofis ya kayar da samari, ya kusa ɓacewa daga babbar gasar US Amateur. 'Yan jami'a ne suka mamaye ta, yawancinsu kuma tsanin shiga sahun ƙwararru suka ɗauke ta. Tiger Woods ya lashe ta sau uku a jere daga 1994 zuwa 1996, ya koma ƙwararre nan take. Tun 1981 USGA ta ga inda aka dosa, ta ware wata gasa daban ga masu shekara 25 zuwa sama. Rabon da ɗan shekara 41 ya ɗauki US Amateur tun John Harris a 1993.

Ban ga laifin samarin ba, domin kuɗin da ke cikin golf yau ba na wasa ba ne, kuma ba kowa ke da harkar da za ta riƙe shi kamar Campbell ba. Zama ɗan sha'awa na tsawon rai yana buƙatar rufin asiri, wannan gaskiya ce da masu yabon zamanin da ba su cika faɗa ba. Hukumomin biyu masu tsara dokokin golf ma sun sassauta: daga 2022 ɗan sha'awa na iya karɓar tallafin kamfani, yana kuma iya karɓar kyautar kuɗi har dala 1,000 a wasu gasanni. Gasar dattawa ta 'yan 55 tana cikin 'yan wuraren da suka rage inda har yanzu za ka tarar da masu sana'o'insu da 'yan fansho suna kwashe kwanaki suna fafatawa a kan kofi kawai.

Sharhin ke nan na yau. A huta lafiya.