Odar Kaya ta Waya da Haƙƙin Mai Shagon Unguwa

(An gabatar da wannan lacca a wani zaman 'yan kasuwa da matasa a Agege, Legas, bayan sallar isha'i. Daga rikodin aka kwafo ta, an rage gaishe-gaishe da maimaici.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata da ke can baya, da ku samari, ina gaisuwa.

Tambayar da aka miƙo mini a takarda ita ce: wanda ke yin odar kaya daga Jumia ko Temu ko AliExpress, alhali ga ɗan'uwansa da shago a bakin layi, shin ya kamata ransa ya riƙa sosuwa cewa ya yi laifi? Tun kafin in buɗe baki na ga zauren nan ya rabu biyu. Masu shago na jiran in ce haramun ne, samari na jiran in ce ba komai. Kowa zai ɗan ji haushina yau, sai haƙuri.

Mu fara kawar da maganar hukunci, don ita ce mai sauƙi. Wasu na cewa ai cinikin biri a sama ne, ka biya kuɗin abin da ba ka taɓa da hannunka ba. To wannan mas'ala ta girmi intanet da shekara fiye da dubu. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi babi a kan abin da ake kira ciniki bisa barnamaj. Falke ne zai sauka da dilar tufafi a ɗaure, ba zai kwance ta ba, sai ya karanta wa masu saye takardar da ke bayanin abin da ke ciki: mayafi iri kaza guda kaza, tsawonsa kaza. Su saya a kan wannan siffa. Malik ya ce cinikin ya tabbata a kansu matuƙar kayan sun dace da abin da ke rubuce. Hoton nan da bayanin da kake gani a wayarka, barnamaj ɗin wannan zamani ke nan. Idan kaya suka zo yadda aka siffanta, ciniki ya faɗa. Idan ka yi odar shadda aka kawo maka wani abu mai kama da labule, kana da haƙƙin mayarwa. Saboda haka danna waya ka sayi abin da yake halal ba zunubi ba ne, kada wani ya ɗora maka nauyin da shari'a ba ta ɗora maka ba.

Sai hujja ta biyu da nake yawan ji, wai mu sayi na gida. Alhaji, don Allah idan ka koma shagonka gobe ka juya bayan hajarka ka karanta. Cajar waya, fitila mai caji, jakar makaranta, takalmin roba, filas ɗin shayi, daga ina suka fito? Daga Guangzhou da Yiwu, biranen kasuwanci a China. An loda su a kwantena, sun sauka Apapa ko Tin Can, babban dila ya kai su Alaba ko Trade Fair ko Balogun, kai kuma ka je ka saro. Ƙasar da Temu ke turo wa yaron nan kayansa, ita ce ƙasar da taka hajar ta fito. Bambancin kawai naka ya bi ta hannu uku ko huɗu, kowane hannu ya ɗora ribarsa. Ban raina waɗannan hannaye ba, gidaje ne ake ciyarwa da su. Amma kada mu kira abin kayan gida.

Kayan gida na gaske mun yi su, atamfa ce da yadi daga masaƙun Kaduna da Kano. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. Jumia sai a 2012 aka kafa shi a nan Legas, Konga ma a wannan shekarar. Temu kuwa a watan Satumban 2022 ya fara a Amurka, bai shigo Najeriya ba sai ƙarshen 2024. Ashe ba manhaja ce ta kashe masaƙunmu ba. Rashin wuta ne, da fasa-ƙwauri, da atamfar China mai araha wadda mu da kanmu muka jera a Kantin Kwari muka sayar, muka yi gidaje da ribarta. A lokacin ban ji an tara jama'a ana tambaya ko akwai alhakin masaƙa a kanmu ba.

Wannan garin da muke zaune a ciki ma shaida ne. Me ya tara Hausawa a Agege tun farko? Goro da layin dogo. Kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, fatake ne ke tafiya Gwanja da jakuna, wata da watanni a hanya. Da jirgin ruwa da na ƙasa suka zo, wannan ayari ya mutu murus. Waɗanda suka gane da wuri, irin su Alhassan Ɗantata da ya riƙa ɗauko goro ta ruwa zuwa Ikko, su suka zama attajirai. Tsohuwar da ta samu goro da sauƙi a Kano ba wanda ya ce ta ci amanar madugu.

To samari, na ga kuna murmushi. Ku dakata, yanzu na zo kanku.

Arahar nan ba daga sama ta faɗo ba. Wani ɓangarenta daga kwastan yake. Ɗan kasuwar da ya shigo da kwantena zai biya haraji, ya biya kuɗin tasha, ya biya kuɗin jinkiri idan takardu suka maƙale, ya biya mota. Ƙaramin ƙunshin da aka turo wa mutum ɗaya kuwa sau da yawa ba ya ɗaukar wannan nauyi. A Amurka shekara da shekaru duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shiga ba haraji, kuma a kan wannan ƙofa su Temu da Shein suka bunƙasa, har sai da gwamnatin can ta rufe ta ga kayan China a watan Mayun 2025. Idan 'yan kasuwarmu na ganin ana yi musu rashin adalci a nan, suna da gaskiya su yi magana. Amma wurin maganar Abuja ne, aikin ƙungiyoyin kasuwa ne su je a rubuce, da lauya, da murya ɗaya. Harara ga matashin da ya sayi agogon dubu takwas ba za ta canza dokar kwastan ba.

Wani ɓangaren arahar kuma daga gumin ma'aikata yake. A 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu masu ɗinka tufafi ne ga manyan kamfanonin Turai da Amurka. Wannan abin takaici ne. Sai dai irin waɗannan tufafi su ne ke dawowa gwanjo a dila, mu je Katangowa mu zaɓa. Wanda ya bar manhaja ya tafi kasuwa bai tsira daga wannan ba, don bai san wanda ya ɗinka rigarsa ba, kamar yadda mai oda bai sani ba. Abin da ba ka sani ba kuma ba ka da ikon gyarawa, ba shi za a fara tambayarka ba.

Abin da za a tambaye ka yana nan kusa da kai, a layinku.

Kowa a nan ya san littafin nan mai baƙin bango da ke ƙarƙashin teburin mai shagon unguwa. Shinkafa mudu biyu, madara, sabulu, taliya, a rubuta sai ƙarshen wata. Ranar da matarka ta haihu cikin dare, shi ka buga wa ƙofa. Ranar da albashi ya makara, shi ya riƙe gidanka. Sai kuɗi su shigo, maimakon ka je a soke shafinka, ka kwanta a katifa kana lilo da yatsa a waya, ka tura dubu talatin nan take don takalmi da abin sauraren kiɗa. Abin da ya fi ciwo, da yake adireshin unguwanninmu wuyar ganewa gare shi, idan mai babur ya kira sai ka ce, "Ka ajiye mini a wajen Malam mai shago." Shi zai karɓa, shi zai sa hannu, ya ɗora kwalin a kan buhun shinkafar da ka ci bashinta, ya tsare maka har ka dawo daga aiki. Ba zai ce maka komai ba, don kunya da zumunci. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kuma hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Ka ga laifin nan ba ruwansa da Temu. Kuɗin hannu ka kai wa wanda bai san ka ba, bashi ka bar wa wanda ya rufa maka asiri. Idan ranka zai sosu, a nan ya kamata ya sosu.

Akwai kuma masu zuwa Computer Village a Ikeja su sa yaron shago ya fito da waya biyar, a kunna wannan, a gwada kyamarar waccan, a sha masa lokaci, alhali tun daga gida sun yanke cewa a intanet za su saya, sun zo ne su ga abin da ido. Tambayar farashi a wurare halal ne, kowa na yi. Amma ka shiga da niyyar ba za ka saya ba ko nawa aka sallama maka, ka ci guminsa kyauta ke nan.

Sai yaron da ke kawo kayan. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, da Ikeja da Surulere da Apapa a ciki, yaranmu da yawa suka rasa abin yi, wasunsu suka koma kai saƙo a babur. Wani zai yi oda a kan sai an kawo ya biya, don nishaɗi kawai. Yaro ya keto cunkoson Iyana Ipaja da rana tsaka, da man da kowa ya san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ya iso ƙofar gida ya kira, a kashe waya. Kuna tsammanin wani attajiri ne a Turai ya yi asara? Kasuwa irin ta Jumia rumfuna ce, mafi yawan kayan na ƙananan 'yan kasuwa ne da suka sa hajarsu a ciki, kamfani na cire la'adarsa. Sau da yawa wanda ka mayar wa kaya ba dalili yana nan Ikeja ko Idumota, jarinsa bai fi na ƙaninka ba.

Game da manhajojin kansu, ku lura da agogon nan da ke ƙirga daƙiƙa wai rangwame zai ƙare, da faifan da ake juyawa a ci kyauta, da "saura biyu kacal". An gina su ne don kada ka samu sararin tunani. Ka shiga neman abu ɗaya ka fito da tara. Wannan almubazzaranci ne ko a ina aka yi shi, amma ba zan tsaya a kansa ba, kun sha jin wa'azinsa.

Ku kuma iyayena 'yan kasuwa, a yi mini afuwa. Me ya kori mutane zuwa waya? Araha kaɗai? A'a. A can farashi a rubuce yake, ba a duban takalmin mutum kafin a yanka masa kuɗi. A can akwai ƙa'idar mayar da kaya, ko da ana shan wahala kafin kuɗi su dawo. A wasu shagunanmu kuwa, da kaya sun fita ƙofa shi ke nan, ko da jabu aka ba mutum da sunan orijina. Wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, hadisi ne a Sahihu Muslim, kuma ba a ware mai shago a ciki ba.

Kada kuma ku ɗauka waɗannan kamfanoni sun gama da ku. Jumia ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, amma shekara da shekaru faɗuwa yake bayyanawa. Ya rufe sashen kai abinci a ƙarshen 2023, ya fice daga Afirka ta Kudu da Tunisiya a 2024. Konga kuwa tun 2018 aka sayar da shi ga kamfanin Zinox. Kai kaya gida-gida a gari irin Legas ba wasa ba ne. Har yau tumatir da albasa a Mile 12 suke, ragon layya kuma sai an taɓa an ɗaga. Yaran da ke cikin zauren nan sun iya ɗaukar hoton haja su sa a WhatsApp da Facebook, ku jawo su jiki ku ba su la'ada, ku daina kallonsu a matsayin abokan gaba.

(Daga nan aka buɗe fagen tambayoyi. Wata baiwar Allah ta aiko da takarda cewa tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ta ga saitin tukwane a intanet kusan rabin kuɗin da maƙwabciyarta mai sayar da kayan kicin ta faɗa mata, kuma tana jin nauyinta.)

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Maƙwabciyar tana bin ki bashi? An ce a'a. To ba ta da haƙƙi a kan kuɗinki, sai na maƙwabtaka. Shawarata, ki je ki nuna mata hoton da farashin, ki ce Yaya ga abin da na gani, ga abin da ke hannuna. Wataƙila ta rage, wataƙila kuma ta nuna miki cewa ba iri ɗaya ba ne, don tukunya a hoto ba ta nuna kauri. Idan kika yanke a intanet za ki saya, ki duba awon da aka rubuta da nauyin, ki karanta abin da waɗanda suka riga ki saye suka ce, musamman masu ƙorafi, ki haɗa da kuɗin kawowa kafin ki ce ya fi araha. Kuma ki yi odar tun da sauran lokaci, kayan da ke tasowa daga China kan ɗauki makonni, kada ranar jere ta zo tukwane suna hanya. Sauran ƙananan kayan, su ludayi da faranti da kuloli, ki saya a wajenta in da hali.

Akwai wata tambayar? A miƙo takardar nan ta hannun dama.