Sola a kan rufi, mota a gareji, hadari a sama

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau kan wata magana ce da nake yawan ji a bakin mutane in an zo batun motocin lantarki, wai sola ai sai kasar da rana ke kwallewa, wanda yake zaune inda gajimare ke rufe sama rabin shekara kar ma ya bata kudinsa, balle ya ce da ita zai rika cajin mota. To ni dai ban yarda da wannan maganar ba, amma akwai wajen da masu fadinta suke da gaskiya, shi ma zan zo kansa.

Mu leka Jamus. Kasa ce da ba ta da wata rana ta a zo a gani, a watan Disamba mutum na iya kwashe kwanaki bai ga idon rana ba, amma zuwa karshen 2024 karfin solar da suka kafa ya kai kusan gigawat 100, wato kilowat miliyan 100, kuma kaso mai tsoka a kan rufin gidaje da rumbuna da masana'antu yake. Tun shekarar 2000 suka yi dokar da ta ce dole a sayi wutar da mutum ya samar daga rufinsa a kan tsayayyen farashi har shekara 20, ita ce ta bude kofar. Da abin ba ya aiki a karkashin gajimare ai da tuni sun watsar da shi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne farantin sola haske yake ci, ba ruwansa da zafi, hasali ma zafi cutar da shi yake yi. Karfin da ake rubutawa a bayan faranti an auna shi ne a digiri 25, kuma duk digiri daya da ya hau sama da haka yana rage masa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin 100, shi ya sa ranar da gari ya yi sanyi kuma sama ta washe ita ce ranar da faranti ya fi jin dadin aiki. In kuma gajimare ya rufe, hasken bai bace ba, warwatsuwa ya yi yana zuwa ta ko'ina, faranti kuma yana kamawa, sai dai in hadarin ya yi duhu sosai abin da zai ba ka ba zai wuce kashi 10 zuwa 25 na karfinsa ba. In aka tara na shekara guda, kilowat daya na faranti a Jamus yana ba da yunit wajen 900 zuwa 1,100, a Ingila kasa da haka kadan, a kasashen da ke bakin hamada kuwa ya kan haura 1,700. Yunit din nan shi ne dai wanda mita ke kirgawa, kilowat daya na tsawon awa daya. Kun ga kenan mai gajimare yana samun fiye da rabin abin da mai rana ke samu, maganinsa ya kara faranti.

Yanzu mu zo kan motar. Abin da ke firgita mutane shi ne girman batirinta, su ji an ce yunit 60 ko 70 yake dauka sai su ce kai, wane rufi ne zai cika wannan. Amma wa yake shanye batirin motarsa kakaf kullum? Motar lantarki madaidaiciya tana cin yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100, to ka dauka kana yin kilomita 40 a rana, zuwa aiki da kai yara makaranta da dan abin da ba a rasa ba, abin da za ka mayar mata bai wuce yunit 7 ko 8 ba. Wanda ke yin kilomita 12,000 a shekara, in aka hada da dan abin da ke zurarewa wajen caji, wajen kashi 10, zai bukaci kusan yunit 2,400, wato faranti 6 ko 7 masu wat 400 a kasa irin Jamus, 4 kacal a inda rana ta wadata. Wannan ba wani abin tashin hankali ba ne, rufin gida madaidaici zai dauka har da ragi.

To a ina gizo ke saka? A lokaci. Rana tana ba da wutarta tsakanin hantsi da la'asar, daidai lokacin da motar take can a fake a wajen aiki, in maigida ya dawo da magariba ya jona caja faranti ya riga ya kwanta. Wasu sai su ce a sa batirin gida ya tara, kuma yana taimakawa, amma a duba girmansa, Powerwall na kamfanin Tesla wanda ya yi suna yunit 13.5 yake dauka, ga firji ga fitilu ga sauran kayan gida suna jiransa da dare, in ka juye shi a mota me ya rage wa gida, kuma duk sanda wuta ta shiga wani batir ta fito ta shiga wani sai an yi asarar wani abu a hanya. Ni a ganina wanda ya fi morar wannan tsari shi ne wanda motarsa ke wuni a gida ko da kwana biyu ne a sati, mai aiki daga gida, ko gidan da ke da mota biyu, ko wanda zai hakura ya cika ta a ranakun hutu ta kai shi sauran kwanakin. Wanda kuma kasarsa ta yarda ya tura rarar wutarsa layin kamfanin wuta da rana a biya shi, ya ja da dare lokacin da take da sauki, kamar yadda ake yi a Ingila, shi ma ya ci riba ko da wutar da ta shiga motar ba ainihin ta rufinsa ba ce.

Akwai wani dan abu kuma da masu sayar da kaya ba su cika fada ba, kuma a kasar gajimare shi ne ya fi ba mutane haushi. Mota ba ta karbar caji in wutar ta gaza amfiya 6, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya, ka'idar da aka gina cajojin a kanta kenan, a layi daya mai bolt 230 wannan ya kama kusan kilowat 1.4, in layi uku ne kuwa ya haura kilowat 4. Ka kwatanta mutum yana tsaye a tsakar gida da sha biyun rana, waya a hannu yana kallon manhajar inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar faranti irin wadda gida ke amfani da ita, lamba tana nuna kilowat 3.2, mota tana shan wutar rufi kadai lafiya lau, sai ga wani guntun gajimare ya gitta, kan ka ce kwabo lamba ta fado 0.9, sai ka ji caja ta yi kas ta yanke, bayan minti biyar rana ta leko ta sake kamawa, haka za a wuni ana kamawa ana saki. Cajar gida ta yau da kullum mai kilowat 7 kuwa ba ta ma san da zaman faranti ba, jona ta kawai za ka yi ta ja abin da take so, rufi ya ba da 2 layi ya cika 5, kai kuma kana zaton da rana kake caji. Shi ya sa aka kera cajoji masu lura da rarar wutar gida, irin Zappi da ake yi a Ingila, suna dagawa suna saukewa daidai da abin da rufin ke bayarwa, in ya gaza su dan ciko daga layi don kar caji ya yanke. Duk wanda zai hada sola da mota a kasar hadari, wallahi ya fara tambayar irin cajar kafin ya tambayi yawan faranti.

Sai inuwa, ita a takaice. Bishiya ko bututun hayaki da ya rufe faranti daya yana iya janyo sauran da ke jere da shi su yi kasa, maganinsa a sa wa kowane faranti karamar inbatarsa, ko tun farko a kauce wa wajen.

Inda masu waccan maganar suke da gaskiya shi ne hunturu. A arewacin Turai wuni yana gajarta, rana tana tafiya kasa-kasa, abin da faranti zai bayar a Disamba ba ya kai kashi daya cikin biyar na abin da yake bayarwa a Yuni, kuma a daidai wannan lokacin ne motar ta fi cin wuta saboda dumama ciki da dumama batir. Babu batirin gida da zai adana maka wutar Yuni har Disamba. Wanda ya ce zai yanke layin wuta gaba daya ya dogara da rufinsa kadai a irin wannan kasa, zai sha wahala watanni uku ko hudu, kuma duk mai hada sola da ya yi masa alkawarin akasin haka bai kyauta masa ba. Ku duba Norway, a 2024 kusan mota 9 cikin 10 sababbi da aka sayar a can masu lantarki ne zalla, amma wutar da ke cajinsu yawancinta daga madatsun ruwa take fitowa, ba su dora wa rana nauyin da ba za ta iya dauka ba.

Saboda haka in mai hadawa ya zo ya mika maka takarda mai lamba daya ta shekara, ka ce masa a'a malam, ka rubuta min wata-wata, ina son ganin na Disamba da na Janairu a gefen na Yuni, kai kuma ka dauko biro ka rubuta kilomitar da kake yi a sati da ranakun da motar ke wuni a gida, sannan ku zauna ku kirga faranti.