Loma ɗaya, numfashi ɗaya: yadda mabiya Buddha ke tunawa da mutuwa

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau tafiyar tamu ta Asiya ce, kuma za mu fara ne da wata tambaya da aka yi kimanin shekara 2,500 da suka wuce.

A wani gari mai suna Nadika a arewacin Indiya, Buddha, wanda ya kafa addinin da ake kira da sunansa, ya tara almajiransa 'yan zuhudu, ya tambaye su yadda suke tunawa da mutuwa. Na farko ya ce shi yakan ce wa kansa, ina ma in ƙara kwana ɗaya da yini ɗaya a duniya, in yi aiki da abin da aka koya mini. Na biyu ya ce shi yini ɗaya yake fata. Na uku ya rage, ya ce tsawon cin abinci sau ɗaya. Na huɗu ya ce lokacin da zai tauna loma huɗu ko biyar ya haɗiye. Na biyar ya ce loma ɗaya. Na shida ya ce shi burinsa bai wuce ya ja numfashi ya fitar ba.

Da ni da ku za mu ce ai duk sun yi ƙoƙari. Wa ke kwana da tunanin cewa yini ɗaya ya rage masa? Amma Buddha ya ce huɗun farko duk masu sakaci ne. Mai loma ɗaya da mai numfashi ɗaya kaɗai ya yaba wa. Labarin yana cikin Anguttara Nikaya, ɗaya daga cikin tsofaffin kundayen addinin da aka adana da harshen Pali, kuma wannan horo ana kiransa maranasati, wato riƙe mutuwa a zuciya.

Me ya sa ya tsananta haka? Saboda wanda ya ba kansa yini guda ya riga ya samu inda zai ajiye aiki. Zai ce bari sai da la'asar. Wanda ya ba kansa loma biyar yana iya yin wasa da huɗu. Abin da ake yaƙa a nan shi ne jinkiri, wannan "sai an jima" da ke cinye wa mutum shekaru bai sani ba.

Tun asali ma da mutuwa addinin ya fara. An haifi Siddhartha Gautama, wanda daga baya aka kira Buddha, a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, a gidan sarautar ƙabilar Shakya. Ruwayar mabiyansa ta ce mahaifinsa ya killace shi cikin daula don kada ya ga wahala, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, sannan ya ga wani mai zuhudu. Ya bar gida yana da shekara 29, ya rasu yana da 80 a Kusinara.

To yaya ake yin horon a aikace? Akwai wani darasi da ya bi bayan na Nadika wanda ya fayyace shi. Idan rana ta faɗi, ɗan zuhudu zai zauna ya ce wa kansa: hanyoyin mutuwata suna da yawa. Maciji zai iya sarana, kunama za ta iya harbina, zan iya yin tuntuɓe in faɗi, abincin da na ci zai iya ɓata mini ciki, majina za ta iya shaƙe ni. Ku lura, ba a kawo yaƙi ko annoba ba. Ƙananan abubuwa ne da ke cikin ɗaki da bakin ƙofa. Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ita ce zuciyar aikin: idan a daren nan zan tafi, akwai wani mugun hali da ban rabu da shi ba? Idan akwai, aka ce ya tashi masa da gaggawar mutumin da rawaninsa ya kama da wuta. Idan kuma ya duba bai samu ba, aka ce ya kwana cikin farin ciki. Da gari ya waye sai ya sake wannan lissafi.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa. Horon yana da ƙofar fita zuwa farin ciki, kuma shi ya sa mabiya addinin ke cewa don a rayu da kyau ake yinsa.

Ba 'yan zuhudu kaɗai aka ɗora wa ba. Akwai abubuwa biyar da aka ce kowa ya riƙa tunawa, mace ko namiji, mai iyali ko wanda ya bar gida: zan tsufa, zan yi ciwo, zan mutu, zan rabu da duk abin da nake ƙauna, kuma aikina shi ne gadona. An ba da dalili. Matashi yakan bugu da ƙuruciyarsa, mai lafiya ya bugu da lafiyarsa, mai rai ya bugu da ransa, kuma cikin wannan mayen ne ake zagi, ake zalunci, ake cin amana. A Dhammapada, ɗaya daga cikin littattafan addinin, akwai baitin da ke cewa mutane sun manta dukanmu masu tafiya ne, waɗanda suka tuna kuwa sukan sasanta rigimarsu. A ganina nan ne ma'aunin yake. In mutum yana tuna mutuwa kullum amma har yanzu yana gaba da ƙaninsa kan fili, to tunanin bai shiga ba.

Akwai wani labari da kusan duk yaron da ya tashi a Siri Lanka ko Tailan ya sani. Wata mata mai suna Kisa Gotami a birnin Savatthi, ɗanta ɗaya tilo ya mutu yana ƙarami. Ta ƙi yarda. Ta saɓa gawar tana bi gida gida tana neman magani, mutane na cewa ta zautu. Wani ya tura ta wurin Buddha. Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce ta samo masa 'yan ƙwayoyin mustad, wani ƙaramin iri da ba a rasa shi a madafar Indiya, amma da sharaɗi: daga gidan da ba a taɓa yin mutuwa ba. Ta shiga gida na farko, aka ɗebo mata. Ta tambaya, an taɓa rasuwa a nan? Aka ce mata waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suka rage yawa. Ta mayar musu. Haka gida na biyu, haka na uku, har yamma. Kowane gida akwai irin, babu gidan da ya cika sharaɗin. Da kanta ta kai yaron makabarta, ta dawo ta shiga sahun mata 'yan zuhudu. Mu nan mukan ce mutuwa rigar kowa. Kisa Gotami sai da ta taka da ƙafarta ta ga rigar a jikin kowane maƙwabci kafin ta yarda.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi nauyi. A Indiya ta wancan zamani akwai filayen da ake yar da gawa ba a binne ba. Ana tura 'yan zuhudu can su zauna su kalli matakai tara na lalacewar jiki, daga kumburi har ƙasusuwa su zama gari, suna cewa jikina ma haka zai zama. A Japan an mayar da waɗannan matakai zane, ana kiransu kusozu. A Tailan har yanzu akwai gidajen zuhudu na daji da ke rataye ƙwarangwal ɗin mutum a zauren da ake taruwa. Ajahn Chah, shahararren malamin da ya rasu a 1992, ya sha ba almajiransa labarin daren da ya kwana a filin ƙona gawa da irin tsoron da ya kama shi.

Kuma abin yana da haɗari, su kansu littattafan ba su ɓoye ba. An ruwaito cewa a birnin Vesali wasu almajirai sun zurfafa cikin tunanin ƙazantar jiki har suka tsani rayuwarsu, da yawa suka halaka kansu. Da Buddha ya fito daga keɓewa ya ga sahu ya ragu, sai ya koya wa sauran natsuwa ta hanyar lura da numfashi. Daga baya, a ƙarni na 5 miladiyya, malamin nan Buddhaghosa ya rubuta littafin Visuddhimagga a Siri Lanka, ya yi kashedi dalla dalla. Ya ce in ka tuna mutuwar masoyinka ba bisa ƙa'ida ba, baƙin ciki za ka samu. In ta maƙiyinka ce, murna za ka yi. In ta wanda ba ruwanka da shi ce, ba abin da zai motsa a zuciyarka, kamar mai sana'ar ƙona gawa. In taka ce kuma, firgita za ta kama ka. Duk huɗun ba su ne ake nema ba. Ana neman hankali a kwance tare da jin cewa lokaci ya ƙure. Don haka mai fama da ciwon damuwa ba da kallon gawa ake fara masa ba.

A Tibet sun tsara abin kamar darasin makaranta. Malaminsu Tsongkhapa, a babban littafinsa Lamrim Chenmo da ya kammala a 1402, ya kafa shi kan tushe uku: mutuwa tabbas ce, lokacinta ba a sani ba, kuma in ta zo dukiya da dangi da jiki ba sa bin mutum. Ya ce kowa ya yarda zai mutu wata rana, matsalar ita ce kowace safiya zuciya na cewa ba dai yau ba, kuma haka take faɗa har ranar da abin zai faru. Ana ba da labarin tsofaffin malaman ɗarikar Kadampa cewa in za su kwanta sukan kife ƙwaryar cin abincinsu, ba sa kuma rufe garwashi don gobe, tunda ba su da tabbacin su ne za su hura wutar.

Musulmi mai kallonmu zai ce ai mu ma an umarce mu da yawaita tuna mai yanke jin daɗi. Haka ne, sai dai tushen ya sha bamban. Musulmi yana shirin tsayuwa gaban Mahaliccinsa. Mabiyin Buddha bai ginu kan Mahalicci ba, ya yi imani da sake haihuwa bayan mutuwa, burinsa kuma ya kuɓuta daga wannan zagaye gaba ɗaya.

A zamaninmu abin ya shiga kasuwa. A 2017 an fitar da wata manhajar waya mai suna WeCroak a Amurka, wadda ke aiko wa mutum saƙo sau biyar a rana cewa kada ya manta zai mutu. Masu ita sun ce daga wata magana ta mutanen ƙasar Bhutan suka ɗauko. Sai dai manhajar tunatarwa kawai take yi. Tambayar nan ta dare, wace mugunta ce ban bari ba, wannan ba waya ce za ta yi wa mutum ba.

A Tailan kuma, a wurin ibada na Wat Takien da ke kusa da Bangkok, mutane kan yi layi lokacin sabuwar shekara su kwanta cikin akwatin gawa riƙe da furanni. 'Yan zuhudu su lulluɓe su da ƙyalle, su yi musu karatun da ake yi wa mamaci, sannan su tashi su ba na baya wuri. Wasu sukan ce sun fito da sabon tunani game da rayuwarsu. Da yawa kuwa abin da ya kai su shi ne a kore musu rashin sa'a, su samu ƙarin kwana da buɗi a shekarar da ke shigowa.